Takardar Ƙafata

Ƙafar hagu ce, a ƙasan dunduniya, inda mutum ba ya dubawa sai in ya taka wani abu.

Matata ce ta fara gani, ina alwala a tsakar gida. Ta ce, "Malam, kwalta ka taka?" Na juya ƙafar. Baƙin tabo ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, gefensa a karkace. Na goga da dutsen kaushi, bai fita ba. Na bar shi.

Lokacin muna shekara ta biyu a Sheme. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Sabuwa, 'yan bindiga suka tashe mu. Ni sai da na yi kwana goma sha tara a hannunsu cikin daji, babu takalmi. Shi ya sa da tabon ya fito kowa ya ce ƙayar wancan lokaci ce ta karye a ciki. Ni ma haka na ɗauka. Na ci gaba da noma gonar aro a bayan gari, ranar kasuwa in ɗaura masara a babur in kai Ƙanƙara.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu, ni na riƙe fartanya, shi na tura makaranta. Ya zama malamin firamare a Faskari. Ni ban yi boko ba. Duk takardar da ta shigo gidana shi ke karanta mani, ta taki, ta rigakafi, ta masu rabon tallafi. Ban taɓa kai wa wani ba. Mutum yana da ɗan'uwa mai karatu, me zai kai shi tallar jahilcinsa a waje?

Tabon bai tsaya ba. Kafin kaka ya kai faɗin murfin kwalba, ya taso, ya fara jini cikin takalmin roba. Wata ranar kasuwa, bayan na sayar da kaya, na shiga asibiti a Ƙanƙara. Likitan matashi ne. Ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya lalluba mani matsematsi, abin da ya ba ni haushi, don ba can na ce yana ciwo ba. Ya ce zai yanki ɗan kaɗan a aika Zariya a duba. Ya yi allurar kashe zafi, ya yanka, ya ɗinke.

Ya ce, "Baba, bayan sati uku ka dawo. Da kanka."

Sati ukun ya faɗo daidai da girbin waken suya. Wanda ya noma shi ya sani, in ya bushe a gona ba ya jira, fashewa yake ya zube ƙasa. Ƙanena ya ce in tsaya kan wake, shi zai je ya karɓo. Na ba shi katin asibitin.

Sai bayan la'asar ya iso. Muka zauna a zaure, ya buɗe takardar, yana bin layi da yatsa kamar yadda ya saba.

"Sun ce ciwon fata ne, Yaya. Ba mai tsanani ba. A riƙa wankewa da ruwan ɗumi da gishiri. Kuma kada a sake taɓa shi da allura ko wuƙa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Takarda cike fal, shi ke nan?"

"Turanci ne, Yaya. Yawan magana gare shi."

Na yi dariya. Ya ninke ta zai sa a aljihunsa, na ce ya ba ni, ai ƙafata ce. Ya ɗan tsaya, sannan ya miƙo. Na sa ta a leda tare da katin shaida, na cusa a aljihun 'yar shara. Ya san ni. Ya san babu wanda zan nuna wa.

Bayan kwana biyu Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya zo da wani mai magani daga wajen Faskari. Aka ba ni gari a kwaɓa da man kaɗanya a shafa, da sassaƙe a jiƙa a sha, da na hayaƙi. Aka hana ni nama. Na ce, "Baffa, duk wannan don ɗan ciwon fata?" Ya ce, "Kai dai sha." Na sha.

Gidan ya canza. Matata, wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ta daina yi mani musu. In na ce miya ta yi gishiri sai ta ce ta yi. Ƙanena ya fara zuwa duk Juma'a da lemo a leda. Na lura. Na ɗauka girma ne ya zo mani.

Da bazara gefe ɗaya na tabon ya koma ruwan toka, daga nan ya yi fari kamar tabon wuta. Baffa har maƙwabta ya kira su gani. Mai magani ya ce magani ya kama. Na ba shi zakara. Amma ɗaya gefen yana ta cin gaba zuwa tsakiyar tafin ƙafa, ya fashe, ya fara wari. Aka ce dafin ne ke fita.

Farkon damina zazzaɓi ya kwantar da ni. Na aika a kira mai allura na unguwa. Matata ta tare shi a ƙofar gida ta ce ƙwaya kawai zai bayar. Ina jin su daga ɗaki. Na ce mata wannan zazzaɓi ne, ba ƙafa ba. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ƙwayar ma tana yi." Ba ni da ƙarfin faɗa, na haɗiye.

Sannan kaluluwa ta fito a matsematsi. Kowa ya san kaluluwa, in ƙafa na da gyambo takan fito, ta yi zafi, ta tafi. Wannan ba ta zafi. Tauri gare ta kamar goriba, kuma ba ta tafi ba.

A haka na yi wata bakwai. Ina ɗingishi, ina ɗaure ƙafa da tsumma, ina huɗa.

Wata ranar kasuwa a Ƙanƙara ɗaurin ya jiƙe, na shiga wani kemis in sayi bandeji. Mai shagon dattijo ne, da alama ya taɓa aikin asibiti. Ya ce in kwance ya gani. Da ya gani ya ja baya.

"Malam, ka je asibiti da wannan?"

"Na je. Sun ce ba komai."

"Wa ya ce?"

"Takarda."

Haushi ne ya sa na ciro ta, don in rufe mashi baki. Ya sa tabarau. Ya karanta, ya koma sama ya duba kwanan wata, ya sake karantawa.

"An yi maka aikin?"

"Wane aiki?"

Ya cire tabaran. Ya tura mani benci da ƙafa, na zauna.

"Takardar nan ta ce ciwon daji ne, irin na fata, mai saurin tafiya. Ta ce a kai ka Zariya da gaggawa a yanke shi. Tun kaka."

Na ce ya nuna mani inda aka rubuta ruwan ɗumi da gishiri. Ya ce babu. Na ce inda aka ce kada a taɓa da allura. Ya ce babu. Na karɓi takardata, na ɗaure ƙafa, na hau babur.

Ban nufi Sheme ba. Faskari na wuce, makarantarsu. An tashi yara, yana zaune ƙarƙashin dalbejiya da wasu malamai. Da ya gan ni ya taso yana murmushi. Na miƙa mashi takardar na ce, "Karanta mani." Ya dubi fuskata. Bai buɗe ba.

"Yaya, mu je gida."

"Nan za ka karanta."

Sauran malaman suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ba mu wuri.

"Likitan ya gaya mani komai," ya ce. "Na fito na rasa inda zan sa kaina. Na biya wajen Baffa. Ya tara su Kawu, aka zauna. Baffa ya ce daji ba ya son ƙarfe. Ka san maganar, Yaya, kowa ya san ta. In allura ko wuƙa ta taɓa shi, watsuwa yake a jiki. Ya kawo misalin matar liman na garinmu, da aka yanke mata nono ba ta yi arba'in ba. Ya ce yankan farko ma kuskure ne."

"Kai fa, da ka yi boko?"

"Na ji tsoro."

"Ƙafar wa ce?"

"Taka ce."

"Wa ya zauna a taron?"

Ya lissafa. Mutum biyar.

"Ni ina ina?"

"Kana gona."

Ina kan wake. Mutum biyar suna zaune kan tabarma suna yanke hukunci a kan ƙafata, ni ina duƙe a kanta cikin rana.

Na ce, "Da ka kawo mani maganar, da wataƙila ni ma na bi Baffa. Ni ma na yarda da ita. Amma da ni na zaɓa. Kai kuma ka sa yatsa kan layi kana karanta abin da babu."

Ya fara kuka. Na bar shi nan.

A gida na tarar da matata tana dakan garin maganin. Na tsaya a kanta.

"Kin sani?"

Ta ajiye taɓarya. "Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. Baffa ya kira ni ya sa na rantse. Sun ce in ka ji sunan ciwon, zuciyarka za ta karye, ciwon ya samu hanya."

"Kwana sha tara na yi a ɗaure, ana sa mani bindiga a kunne. Ta karye?"

Na ɗauki turmin na kife a ƙasa. Iyakar abin da na yi ke nan. Ban ɗaga mata hannu ba, ban sake ta ba.

Washegari na kama hanyar Zariya. Ƙanena ya biyo ni tasha, ban hana shi shiga motar ba, ban kuma yi mashi magana ba har muka isa.

Likitar da ta gan ni mace ce, Bahaushiya, ba ta da tsawo. Aka yi hotuna, aka ɗebi jini, kwanaki suka wuce. Ranar da za ta yi bayani ta dubi ƙanena ta ce ko za su ɗan fita waje. Na ce, "Hajiya, ga mai ƙafar nan. Shi ya fita." Ya fita.

Ta jawo kujera kusa.

"Baba, fatar mutum tana da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke ba ta baƙinta. Kowace ba ta hayayyafa sai saƙo ya zo mata, in an ce ta tsaya ta tsaya. A cikin naka, ɗaya ce saƙon ya maƙale a cikinta. Ka san babur in totur ya maƙale?"

"Na sani."

"To haka. Babu wanda ya murɗa, amma tana ta gudu."

"Jiki ba ya gani?"

"Yana gani. Akwai masu gadi a cikin jini, suna zagayawa suna duba kowa. Baƙo in ya shigo, kamar cutar zazzaɓi, ba sa wahalar gane shi. Wannan ba baƙo ba ne, ɗan gida ne da ya lalace. Duk da haka naka sun gane shi. Farin nan da ka ce ya fito da bazara, ba maganin shafawa ba ne. Su ne. Sun kashe na wannan gefen."

"To me ya hana su gamawa?"

"Waɗanda suka rage sun fi wayo. Akwai wata alama da lafiyayyun ƙwayoyi ke nunawa don kada masu gadi su taɓa su. Sai na ciwon suka riƙa nuna ta. Mai gadi ya zo, ya gani, ya sauke hannu ya wuce. Har sukan jawo wasu daga cikin masu gadin su zauna kusa da su, suna hana 'yan'uwansu aiki. A haka suka bi hanya suka kai matsematsi."

Na ce, "Infoma ke nan." Na gaya mata wanda ya nuna wa 'yan bindiga gidana a ƙauye, sahu ɗaya muke sallah da shi.

Ta ce, "To ka fi ni sanin abin."

Na tambaye ta maganar ƙarfe. Ta ce ta gaji da jin ta. Mutane ba sa zuwa sai ciwo ya gama da su, a yanka, su mutu, a ce wuƙa ce ta kashe su.

"Da na zo lokacin da aka rubuta takardar fa?"

Ta fara lallashina. Na ce ba lallashi na zo nema ba.

"Ba ni da tabbas a kan komai, Baba. Amma a ganina da wajen kawai za mu yanke, mu yi faci da fatar cinya. Da ƙafarka za ka koma gida. Yanzu ya ci har ƙashi."

Ta ce akwai wani magani da ake ƙara wa mutum ta jijiya, wanda ke toshe waccan alama, masu gadi su farka su koma aiki. Wasu har warkewa suke yi da shi. Amma ba kowa yake yi wa ba, irin na tafin ƙafa ma bai cika ji ba, kuma samunsa a nan ba abu ne da za ta sa mani rai da shi ba.

"Saura me?"

"Wuƙa. Sai kuma masu gadinka, in sun iya da abin da ya rage."

Aka kawo takardar yarda. Na sa ma'aikaciyar jinya ta karanta mani layi-layi da Hausa. Da ta fita na kira ɗan'uwan mara lafiyan gadon kusa, wanda ban sani ba, ya sake karantawa. Maganarsu ta zo ɗaya. Na dangwala yatsa.

Suka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, suka kwashe kaluluwar. Da na farka na ji dunduniyar tana ƙaiƙayi. Na kai hannu, zanin gado ne kawai.

Shekara ta uku ke nan. Gonar aro ta koma wa mai ita, ba a huɗa da sanda. Babur na bar wa wani. Yanzu ina zaune bakin titi a Sheme, ina auna masara da dawa a tiya. Duk bayan 'yan watanni in je Zariya a lalluba ni, a ɗauki hoton ƙirji. Har yau ba su ga komai ba. Likitar ba ta taɓa cewa na warke ba. Cewa take, "Yau babu." Na fi son haka.

Baffa ya rasu bara. Har ya koma ga Allah yana gaya wa mutane cewa sassaƙen da na sha ne ya ɗaure ciwon, shi ya sa wuƙa ba ta kashe ni ba. Na je jana'izarsa da sanduna. Matata muna nan. Tana wanke mani dungulmin, tana shafa mai. Ta dawo da musunta, kuma na fi ganewa da hakan. Sai dai in ta ce mani wani abu ba komai ba ne, nakan tashi in duba da kaina.

Damina biyu da suka wuce, fari ya fara fito mani a bayan hannu, sannan gefen baki, sannan wuya. Albaras. Na tsorata, na tafi ba ranar zuwana ba. Likitar ta duba, na ga ta saki fuska. Ta ce masu gadin ne. Sun tashi da ƙarfi har sun daina bambancewa, duk ƙwayar da ke yin baƙi bi suke ta kanta, har lafiyayyun. Ta ce sau da yawa masu irin ciwona da wannan ya fito masu sun fi daɗewa. Ta ce alama ce, ba alkawari ba.

Mutanen gari ba su san wannan ba, kuma na gaji da bayani. Wasu mata sun daina sayen hatsi wajena, wai kada hannuna ya taɓa. A majalisar bakin titi, in an kawo abinci da rana, da tare muke ci. Yanzu sai wani ya ce ya ƙoshi, wani ya tuna yana da aiki. Daga baya suka fara zuba mani nawa daban, da ladabi.

Ƙanena bai daina zuwa ranar Juma'a ba. In an sauko masallaci zai zo, ya gaishe ni, ya zauna ƙasa. In matata ta aiko da tuwo, ya wanke hannu ya sa cikin kwanona, a gaban kowa, daidai inda na ci. Shi kaɗai ya rage mai yin haka.

Sau uku yana roƙona gafara. Na farko a asibiti, na biyu ranar jana'izar Baffa, na uku da azumin bana. Duk ukun abu ɗaya na ce mashi.

"Na ji."

Ya san ba ita ce kalmar ba. Ni ma na sani. Malamai sun yi mani wa'azi a kai, kuma ban ce ƙarya suka faɗa ba. Na gwada ta a bakina, ni kaɗai, ba ta fita.

Juma'ar da ta wuce ya zo. Muka ci, ya ture mani naman gefena, na ture mashi. Da ya tashi tafiya ya ce, "Yaya, sai wani satin." Na ce ya miƙo mani sandata kafin ya wuce.